Kukan da Malam Sharfaddeen Bai Ji Ba

Malam Sharfaddeen bakaniken injinan ruwa ne, kuma a Kabo da ƙauyukanta ba a cika tsallake shi a kira wani ba. Shekara ashirin da biyu ya yi a wata masaƙa a Kano yana kula da famfunan tura ruwa da na zuƙar iska, har masaƙar ta rufe, ya tattaro sifanoninsa ya dawo gida ya kama ɗan shago a bakin titi. Abin da ya yi suna da shi kunne ne. Zai ɗora bakin sukundireba a jikin inji yana aiki, ya kafa kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido, can ya ɗago ya ce boris ne, wato zoben ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsa, ko fanka ce, ko iska ce ta shiga. In an kwance sai a tarar haka ne.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne kunnen ya fara tafiya. Shekarun nan da ya kwashe a tsakiyar rugugin injina ba su bar shi haka ba. Ƙananan sautuka ne suka fara ɓace masa, irin ƙarar waya da kukan tsuntsaye, sai kuma muryar duk wanda ya yi masa magana ta baya. Babbar ƙara yana jin ta, amma a dunƙule, kamar wanda ya nutsa kansa a randa. Matarsa Marka ce kaɗai ta gane, don ita ce mai maimaita magana sau uku. Shi kuwa ya koyi kallon bakin mutum, ya koyi cewa "haka ne" a inda bai ji ba, ya ci gaba da ɗora sukundireba a kunne saboda abin da aka saba gani ke nan.

Saura kwana huɗu a ɗauki azumi, ana tsakiyar bazara, Hajiya Furera ta aiko masa daga Gwarzo. Tana da ƙaramar masana'antar ruwan leda da ta riƙe tun rasuwar maigidanta, mutum goma sha ɗaya na cin abinci a ciki. Famfon da ke tura ruwa cikin matatai ne ya lalace mata. Ya ɗaura jakar kayan aikinsa a bayan babur ya kama hanya tun da hantsi.

Bayan sun gaisa, ya tambayi yara da gajiya da zafin gari, Hajiya ta kai shi ɗakin injin da kanta. Mace ce mai saurin magana, hannunta riƙe da waya biyu, kowacce tana ƙara. Ta ce da safe lafiya lau injin ke aiki, allurar agogon ƙarfin ruwa tana tsayawa a goma sha biyu kamar yadda ta saba. Da an yi azahar sai ta fara rawa, ta sauko tara, ta sauko bakwai, ruwan da ke fita ya koma kamar na buta. Masu sari kuwa sun fara yi mata layi tun yanzu, kowa na son ya cika shagonsa kafin a ga wata.

Mai kula da injin wani magidanci ne, Ƙasimu, dogo, marar yawan magana, wanda ya bar tuƙin motar kaya ya dawo nan shekara uku da suka wuce. Shi ya tayar da injin. Malam Sharfaddeen ya durƙusa ya ɗora sukundireba ya kafa kunne. Rugugi kawai ya ji. Ya matsa gaba, ya matsa baya, ya sauya kunne. Ƙasimu na tsaye a bayansa, amma bai waiwaya ba. Da ya buɗe ido sai ya hangi ɗigon ruwa a gindin sandar da ke juya fanka, ya ji zuciyarsa ta yi sanyi, don ga abin da ido zai iya kamawa. Ya miƙe ya ce robar da ke tare ruwa ce ta cinye.

Yana da irinta a jaka. Kafin sha ɗaya ya sauya, aka tayar, allura ta hau goma sha biyu ta tsaya cak. Hajiya ta sa aka kawo masa fura mai sanyi. Da ya so ya tafi a lokacin, amma wani abu ya hana shi, ya ce bari ya yi sallah tukuna. Ya dawo daga masallaci ya zauna a kan benci yana kallon agogon. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna allurar ta fara kaɗawa. Kafin uku tana takwas.

Ya ce wa Hajiya ai dama ciwo biyu ne, ya magance ɗaya, gobe zai zo da boris. Ta dube shi, ta ce Allah ya kai mu.

A hanyar komawa sau biyu yana tsayawa, ba don komai ba, sai don ya sake jera abin a kansa. In boris ne, me ya sa sai da rana? Ƙarfe kan buɗe in ya ɗauki zafi, wannan gaskiya ne. Amma ya taɓa gidan boris ɗin da tafin hannu, ɗuminsa bai wuce ƙima ba. To ko wuta ce ke raguwa? Ya auna, janareta na ba da abin da ya kamata. Da ya isa gida Marka ta ajiye masa abinci, ya ci loma uku ya tashi, ya shiga shago ya fito, ya zazzage jakarsa a tabarma ya sake mayarwa. Ta tambaye shi abin da ke damunsa, ya ce zafi ne.

Washegari da sassafe ya shiga Kano, ya zaga shago huɗu kafin ya samu boris mai lambar da yake nema. Bai iso Gwarzo ba sai wajen sha ɗaya, rigarsa ta manne a baya. Dole aka tsayar da aiki a lokacin da injin ke da lafiyarsa, ma'aikata suka zauna a inuwa suna kallon ƙofar ɗakin. Ƙasimu ya taya shi kwancewa, yana miƙa masa sifana ba tare da ya ce uffan ba. Da tsohon boris ɗin ya fito, Malam Sharfaddeen ya juya shi a yatsa. Yana juyawa sumul, babu ko gargada. Ya yi sauri ya jefa shi a jaka, ya sa sabon.

Ƙarfe ɗaya aka tayar. Goma sha biyu. Ya kasa zama, ya fita tsakar gida ya dawo, ya duba matatai ɗaya bayan ɗaya ko sun toshe, ya leƙa bawul ɗin fita ko wani ya taɓa shi. Duk lafiya. Biyu da rabi allura ta soma rawarta, ta gangaro har bakwai, bututun fita yana karkarwa kamar mai zazzaɓi.

Wannan karon Hajiya ba ta shigo ɗakin ba, ta aika a kira shi. Ya tarar da ita zaune a bakin ofis, wata motar masu sari tana juyawa za ta fita babu kaya. Ta ce ƙanenta ya ba ta shawara ta ɗauko wani injiniya daga Kano, ko kuma ta cire famfon gaba ɗaya ta sayi sabo. Ta ce ita ba ta son yin haka, don marigayi ya yarda da aikinsa, amma jibi ake sa ran ganin wata.

"Ki ba ni gobe, Hajiya," ya ce. "In la'asar ta yi ban gano ba, ni da kaina zan kira miki wanda ya fi ni."

Ta ce to.

Rana ta uku tun kafin ma'aikata su zo yana bakin ƙofa. Ya yanke shawarar ya buɗe cikin famfon baki ɗaya, abin da ya kamata ya yi tun farko. Suka kwance notuna takwas, suka zare murfin, ya jawo fankar da ke tura ruwan ya fito da ita haske. Sai ya tsaya.

Bakin fukafukanta duk ya rarake, ƙananan ramuka birjik, kamar gara ta ci itace. Ya san wannan ciwo, ya gan shi ba sau ɗaya ba a masaƙa. Famfo ne ke jan ruwa, ruwan bai ishe shi ba, sai kumfa ta riƙa tashi a ciki tana fashewa a jikin ƙarfe har ta cinye shi. Wato famfon ba shi da laifi, yunwa yake ji, matsalar tana can ta inda ruwa ke shigowa. Kuma ya san wani abu da ya fi wannan ɗaci: ciwon nan yana da kuka, kuka mai kaifi da ko ɗan koyo zai gane. Shekara biyar da suka wuce, da daga bakin ƙofa zai faɗi sunansa kafin ya ajiye jaka.

Ya zauna a kan wani bokiti da aka kifa, fankar a cinyarsa. Ƙasimu na goge hannu da tsumma yana jira. Daga ƙarshe Malam Sharfaddeen ya ce masa ya kira Hajiya.

Da ta zo ya nuna mata ramukan, ya yi mata bayanin abin da ke jawo su. Sannan ya ajiye fankar a ƙasa.

"Hajiya, robar da na sauya ta ɗan gaji, amma ba ita ce ba. Boris kuwa lafiyarsa ƙalau, ga tsohon nan a jakata. Laluben duhu na yi kwana biyu." Ya taɓa kunnensa na dama. "Wannan ya tafi, ɗayan ma saura kaɗan. Na sa sukundireba ne kawai don ku gani, ba abin da na ji."

Hajiya ta ce innalillahi a hankali, ta kashe wayar da ke ƙara a hannunta. Ƙasimu ne ya zagayo ya tsaya a gabansa, ya ɗaga murya.

"Malam, ranar da ka fara zuwa, kana durƙushe, sau biyu na ce maka in rana ta yi injin nan yana wata irin ƙara. Ba ka ko ɗago ba. Na ɗauka ka raina ni ne, don ni direba ne ba bakanike ba. Shi ya sa na kama bakina."

Malam Sharfaddeen ya ji kunya ta rufe shi tun daga ka har ƙafa. Ya roƙe shi ya yafe masa, ya ce wallahi bai ji ba. Ƙasimu ya ce babu komai, amma fuskarsa ba ta saki nan da nan ba.

Suka mayar da fankar, don babu wata, kuma za ta iya aiki na ɗan lokaci. Ya ce musu yau su ne kunnuwansa. Kafin azahar ya bi hanyar shigowar ruwa tun daga tushe. Ya hau tsani ya leƙa babban tankin da rijiyar burtsatse ke cikawa, ya tarar ruwa ya kusa baki. Ya kwance rariyar da ke ƙasan tankin, ɗan yashi ne kawai a ciki, ya wanke ya mayar. Ya bi bututun da hannu, gaɓa bayan gaɓa, yana shafa ruwan sabulu ko zai ga inda iska ke shiga. Bututun ya bi jikin katanga, ya shige ƙarƙashin wani tarin katako da tsofaffin buhuna a bayan ɗakin injin, ya fito ta ɗaya gefen ya shiga bango. Bai ga komai ba. Ya koma farko ya sake bi. Ma'aikata sun daina hira, suna bin sa da ido yana kai da kawo a cikin rana, hularsa a aljihu.

Aka yi sallah aka dawo. Su uku suka tsaya a ɗakin injin, Hajiya ta ƙi zama. Ƙarfe biyu ta wuce, allura na nan daram. Ya fara tunanin ko wanke rariyar nan ne ya yi magani, ya kuma san ba shi ba ne. Biyu da kwata Ƙasimu ya ɗaga yatsa. Allura ba ta ko motsa ba tukuna.

Malam Sharfaddeen ya matso kusa da Hajiya ya tambaye ta me take ji. Ta karkata kai, ta ɗan yamutsa fuska.

"Ka san in ana suyar gyaɗa da yashi a kasko, ana juyawa? To haka. Yanzu kuma ya ƙaru, kamar an zuba tsakuwa."

Ya tambayi Ƙasimu ta wane gefe ya fi ƙarfi. Ƙasimu ya ɗauki sukundireban, ya yi yadda ya ga ana yi, ya gwada nan ya gwada can, ya nuna bakin shigar ruwa. A lokacin allura ta fara kaɗawa.

Bai tsaya kallonta ba. Ya ce kada a kashe, ya fita da sauri ya sake bin bututun, wannan karon injin yana cikin ciwonsa. Daga tanki zuwa katanga lafiya. Da ya zo tarin katakon nan ya tsaya, ya ga rana ta juyo ta sauka a kansa sosai, alhali da safe wurin inuwa ne. Ya fara jan katakon yana jefarwa gefe. Ƙasimu da wasu ma'aikata biyu suka kama masa. Da aka ɗaga buhu na ƙarshe sai ga shi: wajen kamu uku na bututun ba mai tauri ba ne, tiyo ne na roba, irin wanda ake ban ruwa da shi a lambu, an ɗaure bakinsa biyu da waya. Ya shanye, ya manne, ya zama kamar ɗanyar fata da aka taka. Ya taɓa shi, zafi kamar a gasa gurasa.

Ƙasimu ya dafe kai. Ya ce wata biyu da suka wuce wata mota ta ja baya ta fasa bututun a daidai nan, shi ne ya samo tiyo ya haɗa don kada aiki ya tsaya, ya rufe da katako saboda kada a sake takawa. Ya yi niyyar a gyara, ganin ruwa na wucewa lafiya sai abin ya fita a ransa. A lokacin zafin bazara bai kankama ba.

Malam Sharfaddeen ya yi musu bayani a taƙaice. Da safe robar na da sanyi, tana da ƙarfin da za ta tsaya a buɗe. In rana ta gasa ta sai ta yi laushi, famfo ya zuƙe ta ta rufe, ruwa ya ragu. Ya sa aka ɗebo ruwa a bokiti aka kwarara a kan tiyon, aka jiƙa buhu aka lulluɓe. Ya aika ɗaya daga cikin ma'aikatan ya duba agogo. Mutumin ya leƙo ta taga ya nuna yatsu goma, jim kaɗan ya ƙara ɗaya.

Hajiya ta juya ga Ƙasimu, bakinta cike da magana. Malam Sharfaddeen ya riga ta. Ya ce wanda ya haɗa tiyon ya ceci aikin wata biyu, kuma shi ne ya fara jin ciwon ya faɗa, wanda aka faɗa wa ne bai ji ba. Ta haɗiye abin da za ta ce, ta tambayi me za a sayo.

A cikin kasuwar Gwarzo aka samu bututu mai kauri da gam da mahaɗai. Kafin la'asar sakaliya sun yanke tiyon sun jefar, sun haɗa sabon, sun jera bulo biyu-biyu a gefensa suka ɗora kwanon rufi a sama. Ya ce a bar gam ɗin ya kama sosai kafin a tayar. Ya rubuta wa Hajiya lambar fankar a takarda, ya ce a sayo a ajiye, wannan ba za ta wuce wata uku ba. Ya ciro tsohon boris ɗin daga jaka ya miƙa wa Ƙasimu ya ce ya adana, lafiyayye ne, wata rana zai yi amfani.

Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba. Washegari, ranar da ake duban wata, ba wanda ya kira shi, amma ƙarfe ɗaya ta yi masa a Gwarzo. Ya ƙi shiga ɗakin injin, ya tsaya daga taga yana leƙe, ya je ya taɓa sabon bututun, ya dawo. Biyu ta wuce, uku ta wuce. Allura na goma sha biyu. Motoci uku suka yi lodi a gabansa. Da Ƙasimu ya fito ya gan shi, sai ya zo daf da shi ya ce babu ƙarar, ko kaɗan. A karon farko Ƙasimu ya yi masa murmushi.

Magana ba ta ɓuya. Ma'aikata goma sha ɗaya sun ga abin da ya faru, kafin goma ga azumi labari ya kai Kabo cewa kunnen Malam Sharfaddeen ya mutu. Wani mai injin casar shinkafa a Kutama da suka yi alkawarin zai je ya duba masa famfo ya aiko cewa an riga an gyara. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai, ya yini a shago yana goge sifanonin da ba su da datti, duk babur ɗin da ya rage gudu a titi sai ya ɗago kai.

Kwana biyu bayan haka wani dattijo, Bappa, ya zo daga Masanawa. Ƙungiyarsu ta masu shanu tana da injin tatsar madara, famfon da ke zuƙar iska ya rage ƙarfi, kofunan suna saɓulewa daga hantsar shanu. Malam Sharfaddeen ya tambaye shi ko ya ji abin da ake faɗa a kansa. Bappa ya ce ya ji, Hajiya Furera ce ma ta ba shi labarin tun daga farko har ƙarshe, ita ta ce ya zo nan.

Malam Sharfaddeen ya jawo masa benci ya ce ya zauna ta gefensa na hagu, ya ɗaga murya, ya faɗa masa yaushe abin ya fara, da wane lokaci ya fi tsanani, da abin da aka taɓa ko aka sauya a 'yan kwanakin nan, komai ƙanƙantarsa. Bappa ya yi tunani, ya ce in ban da man da suka sauya wa famfon da wani da aka samo a kasuwa, bai tuna komai ba. Malam Sharfaddeen ya tambayi wane irin mai. Bappa ya ce galan ɗin na can a gida.

Ya miƙe ya rufe shago, ya goya dattijon a babur, suka nufi Masanawa.